Malam Sule Layi Biyu

Duk wanda ya zauna ajin Malam Sule ya san ba ya ɗaukar alli ɗaya. Biyu yake ɗauka, ya maƙale su tsakanin yatsun hannun dama, ya juya wa aji baya, ya zagaya hannu a kan allo. Sai ka ga da'ira biyu sun fito lokaci guda, ɗaya cikin ɗaya, kuma kowane ɗan taƙi sai ya ɗaga hannu ya bar gurbi. In ya gama ya juyo, ya goge hannun a gaban kaftaninsa, ya ƙare mana kallo ta saman tabarau, ya ce: "Biyu ne, kuma da ƙofa." Shekara uku na yi a ajinsa, ban taɓa ganin gaban kaftanin nan da launinsa na asali ba.

Ku tsofaffin ɗalibansa kun san shi da Malam Layi Biyu. Ni Kawu nake ce masa, domin yayan mahaifiyata ne, kuma a gidansa na zauna lokacin da yake koyar da Bayoloji a sakandaren jeka-ka-dawo ta wajen Malumfashi, zamanin da muke cikin jihar Kaduna. Saboda haka ni na sha karatun sau biyu, a aji da safe, a tsakar gida da yamma, kuma babu inda ake ba ni hutu.

Ga waɗanda suka manta, ko suka yi barci a ajin, kamar Audu ɗan Dandume wanda yau ake ce wa Alhaji, abin da Kawu yake zanawa shi ne wannan. Jikin mai rai an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin ƙwayar akwai cibiya, a nan aka adana umarnin gadon halitta, wanda ya sa dawa take haifar dawa, akuya take haifar akuya. Cibiyar tana da tantani da ya kewaye ta. Littafin da gwamnati ta raba mana ya zana tantanin nan da layi ɗaya rufaffe. Kawu ya ce ruɓi biyu ne, na ciki da na waje, da ɗan fili a tsakaninsu, kuma jikinsa duk ƙananan ƙofofi ne. Ya ji haka ne a wani kwas da ya yi a Zariya lokacin hutu, daga bakin wani malamin jami'a da ya zana musu a allo. Tun daga ranar ya ɗauki layi na biyun nan kamar amanar da aka damƙa masa.

Madubin hangen ƙwayoyin halitta guda ɗaya makarantar take da shi, kuma albasa ɗaya Kawu yake saya a kasuwar Malumfashi ta ishe mu zangon karatu guda. Sai ya sa reza ya ɓanto fatar da ta fi takardar sigari laushi, ya ɗiga mata aidin, mu yi layi kowa ya leƙa. Da an tashi ya naɗe albasar a hankici ya mayar aljihu. Ranar da aka ba da hutu ya miƙa wa matarsa, Inna Delu, abin da ya saura, ya ce ga ta nan ta sauke karatu, a sa ta a miya. Inna ta juya ta a hannu ta ce albasar da ta fi ta zuwa makaranta ba za ta iya yanka ta ba.

A cikin madubin kuwa cibiyar ba ta wuce ɗigo ba. Audu ya daɗe da ido a kai, ya ɗago ya ce shi fa layi ɗaya yake gani, shi ma da ƙyar. Kawu bai ji haushi ba. Ya ce madubin ne ƙarfinsa ya tsaya nan, akwai wani babba mai aiki da lantarki, girmansa ya kai ɗaki, shi ne yake nunawa. Sannan ya tambayi Audu: "In ka tsaya a tashar Malumfashi kana hango Gozaki?" Audu ya ce a'a. Kawu ya ce to daga yau kada ya sake cin rake in an ce daga Gozaki aka kawo, tunda garin babu shi.

Da ya ga zane bai ishe mu ba, sai ya ce zai gina mana abin mu taɓa da hannu. Inna Delu ta sayo sababbin tukwane biyu daga wajen maginan tukwane, babba da mai bi mata, ta jera su a bakin madafa ta tafi suna maƙwabta. Kafin ta dawo Kawu ya jefa ƙaramar cikin babbar, ya zauna da ƙusa da ruwa yana huda su a hankali, rami kan rami, har sai da suka koma kamar gwagwar tuya. A ciki ya cusa ƙullin zaren saƙa, shi ne umarnin gado. A jikin tukunyar waje ya manna tsohon rawaninsa, ya ninka shi ninki-ninki, domin a cewarsa tantanin waje ba tsayawa yake yi ba, haɗe yake da wasu lunguna da suka bazu cikin ƙwayar. Ya shafa koko a kan rawanin da bayan tukunyar ya barbaɗa gero, ya ce waɗannan su ne 'yan aikin da suke karanta saƙo su haɗa abin da jiki yake bukata.

Inna ta dawo ta tsaya a kansu. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya san ta kuwa ya san wannan ya fi faɗan muni. Ta ɗaga babbar ta leƙa sama ta cikin ramukan, ta ajiye, ta tambaye shi a wacce za ta dafa tuwon dare. Ya ce ta yi haƙuri, ilimi ne. Ta ce to yau ilimi za a ci.

Ya shanya abin a rana don kokon ya bushe, ya tafi sallar La'asar. Da ya dawo kajin Inna sun tsince geron tas, ba su bar ƙwaya ɗaya ba. Washegari haka ya ɗauro tukwanen a bayan babur ya kawo aji, ya ce mana cikin jimami ga cibiya, ga tantani biyu, ga ƙofofi, amma 'yan aikin kaji sun cinye su jiya, mu riƙe su a zuci.

Aikin ƙofofin kuma a Gozaki muka koye shi. Kawu yana da aboki tun na ƙuruciya, wani Bamaguje mai suna Tanko, manomin da rumbunansa suka fi ɗakunan gidansa yawa. Wata Asabar Kawu ya kwashe mu a bayan motar auduga da za ta koma babu kaya, ya kai mu gidan. Tanko ya nuna mana wani ƙaramin rumbu a tsakiyar sauran, an yaɓe shi ciki da waje, shi ne na iri. Dawar da ke ciki tun ta kakansa ce ake juyawa, ba a dafa ta, ba a sayar da ita, kuma ba kowa ke sa hannu a ciki ba.

Kawu ya hau kan turmi ya fara bayani. Ya ce cibiya ita ce rumbun iri. Abin da ke cikinta ba ya fita yawo, domin in ya lalace gidan ya lalace. In ana bukatar wani umarni, kwafarsa ake yi a fitar da kwafin ta ƙofa zuwa wajen 'yan aiki, asalin yana nan. Kayan aikin da cibiya take bukata su ma ta ƙofar suke shiga. Kuma ƙofar ba rami ba ce kawai, da masu gadi: ƙananan abubuwa su wuce abinsu, manya sai sun nuna shaida. Wata yarinya ta tambaya to in ƙwaya za ta rabu biyu fa? Kawu ya ji daɗin tambayar har ya kusa faɗowa daga kan turmin. Ya ce ai kamar rabon gandu ne. Sai an kwance dangar duka, an raba irin daidai wa daida, sannan kowane ɓangare ya sake kewaye nasa da sabuwar danga, ita ma biyu, ita ma da ƙofa.

Tanko yana zaune yana sauraro, yana murza taba a tafin hannu. Da aka gama ya ce: "Sule, wannan ne aka kai ka Zariya ka koyo? Da ka zo nan da goro biyu, da na faɗa maka." Muka yi ta dariya, Kawu ya fi kowa. A hanyar dawowa ya ce mana Tanko ya ci jarrabawa, mu ne ba a sani ba tukuna.

Ana haka ne sufeton makarantu ya zo daga Kaduna. Dogo ne, da kwat da jaka, ba zan faɗi sunansa ba. Ya zauna a bayan aji yana rubutu. Laifi na farko, Kawu yana haɗa Turanci da Hausa. Laifi na biyu, ga fasassun tukwane a kan teburin malami. Na uku shi ne babba. Sufeton ya taso ya buɗe littafin gwamnati, ya ɗaga shi kusa da zanen allo, ya ce littafi layi ɗaya ya nuna, da wane izini malami zai ƙara na biyu? Ya ce yara jarrabawa za su rubuta, kada a rikita su. Ya miƙa wa Kawu tsumman goge allo ya ce ya share ɗaya.

Kawu ya ce littafin ya tsufa, sabo yana hanya. Gaskiya ne ya yi odar wani babban littafi mai hotuna a shagon Mista Okafor na Funtuwa, kuma duk ranar kasuwa sai ya je, Mista Okafor ya ce masa da Hausarsa ta haifaffen gari, "Malam, mako mai zuwa in Allah ya yarda." Shekara biyu ke nan makon bai zo ba.

Sai sufeton ya yi tambayar da ta bi Kawu har tsufansa. Ya ce: "Malam Sule, ka taɓa gani da idonka?"

Da wani ne da ya ce ya gani a Zariya, wa zai bincika? Kawu ya ce: "Ban gani ba." Ya ajiye tsumman a kan tebur, ya ce: "Amma biyu ne, kuma ba zan share ba."

A shekarar ne ake sa ran za a ba shi mataimakin shugaban makaranta. Ba a ba shi ba. Wannan bai dame shi kamar abin da ya biyo baya ba. Maganar ta fita gari, yara suka mayar da ita waƙa, in ya wuce a babur sai ka ji daga bayan katanga, "Malam, ka taɓa gani?" A majalisar ƙofar masallaci wani ya ce ashe Sule ƙirƙirar karatunsa yake yi. Mutumin da bai yi ƙarya don ya tsira da muƙami ba, shi aka wayi gari ana yi wa kallon maƙaryaci.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma yau zan faɗe shi. A jarrabawar gwaji aka ce mu zana ƙwayar halitta. Na riƙe fensir na daɗe, maganar sufeton tana yi mini yawo a kai, na zana layi ɗaya. Da yamma Kawu yana duba takardu a kan tabarma ina tankaɗe a gefe, na ga ya zo kan tawa. Na jira faɗa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ba ni makina cikakke tunda abin da littafi ya ce ke nan, ya ɗauki ta gaba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A babbar jarrabawa na zana biyu, na bar ƙofofi har guda shida, na ce in za a kayar da ni a kayar. Ba a kayar da ni ba, amma wannan bai goge na farkon ba.

Daga baya aka mayar da shi wata makaranta a wajen Dandume. Ya ɗaure tukwanensa a bayan babur ya tafi, can ma alli biyu yake ɗauka.

Ni kuma Allah ya sa na samu jami'a a Zariya, na karanta fannin. A shekarata ta ƙarshe wani malaminmu ya shigar da mu ɗakin da babban madubin nan mai lantarki yake. Kawu ya ɗan ƙara masa girma, bai kai ɗaki ba, amma ya fi ni tsawo. Aka sa yankin hantar ɓera, aka ce mu leƙa ɗaya bayan ɗaya. Da layi ya zo kaina na sunkuya, sai ga su nan a kan ɗan allon mai haske kore. Layi biyu, ɗaya na bin ɗaya, da fili siriri a tsakani, can kuma sun haɗe baki sun bar gurbi, sun ci gaba, sun sake barin wani. Kamar Kawu ne ya shiga cikin hantar ɓeran da allinsa. Na fashe da kuka a gaban mutane, malamin ya zaci hasken ne ya shige mini ido. Na roƙe shi ya wanke mini hoto ɗaya, ya wanke mini babba.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Funtuwa, inda Kawu ya koma da zama bayan ya yi ritaya. Na san idonsa ya yi rauni, an faɗa mini, amma ban san ya tafi gaba ɗaya ba. Na same shi a zaure da hantsi, ya juyo fuska wajen muryata ya ce, "Hajara ce?" Na durƙusa na gaishe shi, na sa masa hoton a hannu, na faɗa masa ko mene ne. Ya shafa gaba, ya shafa baya, takarda ce sumul. Ya kai ta dab da fuska, ya juya ta wajen hasken ƙofa, ya sauke. Ya yi 'yar dariya ya ce abin ya zo, mai gani ya tashi.

Inna Delu tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida. Ta zo ta zare hoton daga hannunsa, ta ce in biyo ta. Ta ɗauko allura da zaren ɗinkin hula mai kauri, ta ce in nuna mata inda layukan suke. Ina bi da yatsa tana bi da allura, ta ɗinke na waje, ta ɗinke na ciki, duk inda na ce ƙofa ce ta tsallake. Tana yi tana mita, wai shekara da shekaru abin nan ya cinye mata tukwane, yau kuma ga shi zai cinye mata zare.

Muka mayar masa. Ya ɗora ɗan yatsa a hankali, ya ci karo da zaren farko. Ya ce, "Ɗaya." Ya matsa kaɗan. "Biyu." Ya bi su yana tafiya har yatsan ya faɗa gurbi, ya tsaya a nan ya daɗe. Sannan ya ce: "Hajara, ke kika gani? Da idonki?"

Na ce: "Da idona, Kawu."

Ya ce: "To na gani."

Ban gama share hawaye ba ya ce a kira masa mai babur. Ashe ya san inda tsohon sufeton yake, shi ma ya yi ritaya ya buɗe shagon takin zamani a bakin kasuwar Funtuwa. Inna ta ce ya bari a sauko daga masallaci mana, ya ce shi ya jira shekara goma, ba zai ƙara awa biyu ba. Haka muka tafi, shi a babur ɗaya rungume da hoton, ni a wani. Muka sami mutumin zaune kan buhu, ya yi furfura. Kawu ya yi sallama, suka gaisa har da tambayar iyali, sannan ya miƙa hoton ya ce ranka ya daɗe a taimaka a ƙirga masa, shi ba ya gani.

Mutumin ya sa tabarau. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya dubi Kawu, na ga ya gane shi. Sannan ya ce: "Biyu ne, Malam Sule."

Kawu ya ce: "Kuma?"

Ya ce: "Kuma da ƙofa."

Kawu ya karɓi hotonsa ya ce Allah ya ba da kasuwa. Mutumin ya riƙe masa hannu ya nemi gafara, Kawu ya ce ya yafe tun tuni, ƙirgar kawai ya zo a yi masa. A hanyar komawa ya sa aka tsaya a shagon Mista Okafor, ya leƙa kai ya ce a soke odar littafin nan. Mista Okafor ya ce, "Haba Malam, ga shi mako mai zuwa zai iso."

Bai cika shekara biyu bayan nan ba ya rasu. Hoton yana jingine a bangon zaurensa har ranar, zaren ya yi baƙi saboda shafa, domin duk baƙon da ya shigo sai an kama masa yatsa an bi da shi, ko mai sayar da itace ne. Yanzu yana wajena. Yau ni ma ina koyarwa, littattafan duk sun zana layi biyu, babu mai gardama, kuma ɗalibaina ba su san dalilin da ya sa nake ɗaukar alli biyu ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya jiƙan Inna Delu da ta bi bayansa. Ya ce bai gani ba a ranar da ƙarya za ta fisshe shi, Allah ya saka masa da wannan gaskiyar. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa shi, ya buɗe masa ƙofa zuwa Aljanna, ya mayar masa da ganinsa a can. Amin.